Darasi: Saƙa Safar Hannu da Ƙwarashi

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara ɗauke da ƙura. Busasshiyar iska ce, ba ta riƙe zafi, shi ya sa da rana ta faɗi gari yake hucewa, kafin asuba sanyi ya ratsa ƙashi. A wurare masu tudu abin ya fi tsanani. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, tsaunin Mambila a Jihar Taraba ya kai wajen mita 1,600, kuma a dararen Disamba da Janairu ma'aunin zafi a irin waɗannan wurare kan sauka zuwa digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. Yatsu ne ke fara ji a jikinsu. Dalili kuwa, in jiki ya ji sanyi yakan tsuke jijiyoyin jinin da ke zuwa hannu da ƙafa, don ya tsare ɗumin ƙirji da ciki.

Safar hannu iri biyu ce. Akwai mai gidan yatsu biyar, akwai kuma wadda ta haɗa yatsu huɗu a jaka ɗaya, babban yatsa ya sami nasa gidan daban. Ta biyun za mu saƙa. Ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ta fi ɗumi, domin yatsun nan huɗu suna ɗumama juna, filin da iska za ta buga kuma ya ragu.

A ƙasashen ƙanƙara aka ƙware a kanta. A Latbiya, can arewacin Turai, al'ada ce amarya ta tara safar hannu masu yawa cikin kayan aurenta, ta rarraba wa dangin miji. Da ƙasar ta karɓi baƙuncin taron ƙungiyar tsaro ta NATO a birnin Riga a 2006, safar hannu aka saƙa wa baƙi, har saiti 4,500. Su da kibiyoyin saƙa suke yi, da adon launuka wanda sai an daɗe ana koyo. Mu ƙwarashi ɗaya za mu ɗauka, da launi ɗaya, da salon ido ɗaya.

Lambobin da ke cikin wannan darasi na hannun mace baliga mai matsakaicin jiki ne. Amma hannun da zai sa safar shi ne alƙali. Duk inda lissafin littafi ya saɓa da hannu, a bi hannu.

Kayan aiki da zaɓen zare

Kayan ba su da yawa: ƙwarashi mai kaurin milimita 5, zare mai matsakaicin kauri giram 100, almakashi, tef ɗin awo irin na teloli, babbar allura marar tsini mai faɗin kafa, fil mai makulli, sai littafi da fensir. Kaurin ƙwarashi a rubuce yake a faffaɗan wurin da ake riƙe shi. Siririn nan na ƙarfe da ake yi wa mayafi ko zanin gado baki da shi ba zai yi wannan aiki ba, tsaga zaren zai riƙa yi.

Zaren da aka fi samu a ƙananan dunƙule a kasuwa siriri ne. In shi kuka samu, ku haɗa sili biyu ku saƙa su tare kamar ɗaya. Ku zaɓi launi mai haske, kamar ruwan toka ko shuɗi mai haske ko ruwan ɗorawa. Baƙin zare ba na ɗan koyo ba ne, ba a ganin ido a jikinsa, balle da dare. Ku kuma sayi duk abin da kuke bukata lokaci ɗaya, domin rinin yau da na wata mai zuwa ba lallai su zo daidai ba, ko da kamfani ɗaya ya yi su.

Galibin abin da ake sayarwa da sunan ulu ba gashin tumaki ba ne, akrilik ne, wato zaren roba da ake yi daga sinadaran man fetur. Ba laifi a yi koyo da shi: yana da araha, yana wankuwa, ba ya cika yi wa fata ƙaiƙayi. Ulu na gaskiya ya fi shi ɗumi, kuma ko ya ɗan jiƙe da zufa ba ya daina ɗumama hannu. Zaren auduga kuwa a bar shi ga wani aikin. Yana shan ruwa ya yi sanyi, in ya buɗe kuma ba ya komawa.

Ga yadda ake gane su. Ku yanki guntu kamar tsawon yatsa, ku ɗora a kan tasar ƙarfe a tsakar gida, ku kusanto da ashana. Ulu yana ci a hankali, ya yi warin ƙonannen gashi, ya bar baƙar toka mai murmushewa, kuma yakan mutu da kansa in an janye wuta. Akrilik yana kamawa da sauri, ya narke, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Wannan gwaji ba don a gane tsada kawai ake yinsa ba. Lokacin sanyi lokacin jin ɗumi ne a bakin murhu da kaskon wuta, kuma akrilik in ya narke manne wa fata yake yi. Duk wanda kuka saƙa wa, ku gaya masa ya cire kafin ya miƙa hannu ga wuta, yara musamman.

Riƙo da idanun da za a koya

A riƙe ƙwarashi a hannun dama, ko riƙon alƙalami ko riƙon wuƙa, duk wanda ya fi daɗi. Hannun hagu ne mai babban aiki, shi ke sarrafa zare. Zaren ya zagaya ƙaramin yatsa, ya bi ta ƙarƙashin yatsu biyu na tsakiya, ya hau kan manuniya. Babban yatsa da na tsakiya su riƙe abin da ake saƙawa, dab da bakin ƙwarashi. Bahago ya juya komai; in ya zauna fuska da fuska da mai koyarwa zai fi saurin ɗauka.

A darasin nan, zaren da ke rataye a kan ƙwarashi zobe za mu kira shi, wanda aka riga aka saƙa ya zauna a jikin aiki kuma ido.

Da zarge ake farawa. Ku bar jela ta kamar santimita 15, ku naɗe zaren sau ɗaya a kan yatsu biyu, ku zura ƙwarashi ta ciki, ku ɗauko zaren da ya fito daga dunƙule, ku ja har ya kama. Kada ya shaƙe ƙwarashin. Ya zama yana zamewa gaba da baya.

Sarƙa: a naɗe zare a bakin ƙwarashi, a jawo shi ta cikin zoben. An yi sarƙa ɗaya ke nan. Zoben da ke kan ƙwarashi ba ya shiga lissafi, ko yanzu ko nan gaba.

Gajeren ido, wanda da shi za a saƙa kusan safar duka: a zura ƙwarashi cikin idon da ke gaba, a naɗe zare a jawo, zobba sun zama biyu, a sake naɗe zare a jawo ta cikin biyun gaba ɗaya. Ku tsaya ku dubi kan idon da kuka yi. Za ku ga sili biyu kwance da siffar harafin V, ɗaya na kusa da ku, ɗaya na nesa. Na kusa shi ne silin gaba, na nesa silin baya. In ba a ce komai ba, ta ƙarƙashin biyun ake zura ƙwarashi.

Idon haɗi: a zura, a naɗe zare, a jawo ta cikin idon da zoben a ja ɗaya. Ba ya ƙara tsayi, haɗa baki biyu kawai yake yi.

Ƙari shi ne a yi gajeren ido biyu a cikin ido ɗaya. Ragi kuwa: a zura a ido na farko a jawo zare, a zura a na kusa da shi a jawo, zobba sun zama uku; a naɗe zare a jawo ta cikin ukun. Ido biyu sun koma ɗaya.

Awo da gwaji

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba safar da za a sa da wadda za a jefa ƙasan akwati. Mutum biyu za su zauna a tabarma ɗaya, zare ɗaya, ƙwarashi ɗaya, lissafi ɗaya, amma aikin wannan ya fi na wancan faɗi da yatsa biyu, saboda wata tana jan zare da ƙarfi, wani yana sakinsa. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kowa dai ya san nasa hannun.

Ku yi sarƙa 21. Ku tsallake ta farko daga ƙwarashi, ku yi gajeren ido a kowace sarƙa, ido 20 ke nan. A ƙarshen layi a yi sarƙa ɗaya, a juya aikin, a dawo. Ku yi ta yi har ƙyallen ya kai santimita 12. Ku shimfiɗa shi a kan tebur ba tare da kun ja shi ba, ku ɗora tef a tsakiyarsa, ku ƙirga idanun da ke cikin santimita 10. Lissafin darasin nan an gina shi a kan ido 14 a faɗi, da layi 16 a tsaye. In kun sami 16 ko fiye, hannunku ya yi tsauri, ku saki zare ko ku ɗauki ƙwarashi mai milimita 5.5. In kun sami 12, ku koma mai 4.5. Safar hannu ta fi so saƙa ta ɗan matse, don kada iska ta sami ƙofa, amma ba har ta ƙi lanƙwasuwa ba.

Sai awon hannu. Wurare uku ake aunawa: zagayen tafi a kan gaɓoɓin gindin yatsu, ban da babban yatsa, zagayen wuyan hannu, da tsawo daga wuyan hannu zuwa kan yatsan tsakiya. A ƙara santimita 1 a kan zagayen tafi don yatsu su sami wurin motsi. Misali, tafi ya ba da 19, an ƙara 1 ya zama 20. A ninka 20 sau 14, a sami 280, a raba da 10, a sami 28. Ido 28 ne zai zagaye tafin. Namiji mai tafin santimita 22: 23 sau 14, 322, a raba da 10, 32 da 'yan kai, sai a ɗauki 32. Kullum a karkata zuwa lamba mafi kusa da 4 ke rabawa ba saura, saboda ragin da za a yi a ƙarshe kashi huɗu ake yinsa. Ku rubuta lambarku a littafi.

Wuyan safa

A kwance ake saƙa wuya, sannan a naɗe shi. Ku yi sarƙa 11, ku tsallake ta farko, ku yi gajeren ido 10. Sarƙa ɗaya, a juya. Daga layi na biyu har ƙarshe, ta ƙarƙashin silin baya kaɗai za a riƙa zura ƙwarashi. Bayan layi huɗu ko biyar za ku ga ƙyallen ya fara yin kunya-kunya irin ta gona. Kunyoyin nan su ke sa shi ya buɗe in an ja, ya koma in an saki, ya kama wuyan hannu ba tare da an sa roba ba.

Ku ƙirga ido a ƙarshen kowane layi. Goma ne, ba tara ba. Idon ƙarshe ƙarami ne kuma yana son ɓuya a gefe, shi ne 'yan koyo ke bari, sai a ga ƙyalle yana tsukewa yana karkacewa. In haka ta faru a warware zuwa inda lissafi yake daidai. Alherin ƙwarashi ke nan: zobe ɗaya ne kawai a raye, in an zare ƙwarashi an ja zare, aikin zai warware ido bayan ido, a tsaya inda ake so.

A yi layi 24, wato lambar tafi a cire 4. Ku naɗa shi a wuyan hannu ku gani. Ya kamata bakunan su haɗu in an ɗan ja kaɗan, kuma ku tuna cewa tafin hannu duka ta nan zai wuce. In ya yi, a haɗa bakin farko da na ƙarshe, a ɗinke su da idon haɗi 10. Kada a yanke zare.

Daga wuya zuwa gindin babban yatsa

Yanzu aiki ya koma zagaye. Ku juya wuyan yadda ɗinkin zai koma ciki, ku yi sarƙa ɗaya, ku bi gefen kunyoyin kuna yin gajeren ido ɗaya a ƙarshen kowane layi. Za ku sami 24. Nan babu V da za a bi, sai an lalubo wurin zurawa. Ku kama sili biyu, ba ɗaya ba, don kada rami ya fito. Ku maƙala fil a idon farko. Daga nan ba juyawa, ba haɗawa, sai dai a yi ta zagayawa, duk lokacin da aka iso kan fil a cire shi, a yi idon, a mayar da shi a kan sabon.

Ku dubi hannunku. Daga wuya zuwa inda babban yatsa ya rabu da sauran, faɗi ƙaruwa yake yi, kuma ta gefe ɗaya. Haka safa ma za ta yi. A zagaye na 2, a yi ƙari a idon farko da idon ƙarshe, a sami 26. Zagaye na 3 a yi shi ba ƙari. Haka za a riƙa yi, ƙari a na 4 da na 6 da na 8 da na 10, a sami 28, 30, 32, har 34. Ɗan kumburi zai fito a gefen da fil yake. Nan babban yatsa zai zauna.

A zagaye na 11 a yi ido 30, a tsaya. Saura 4 kafin fil. Ku zura hannu ku gwada. In saƙar ta kai tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, to madalla. In ba ta kai ba, ku ƙarasa zagayen, ku ƙara wani ba ƙari, ku sake tsayawa a wuri ɗaya. Sannan a yi sarƙa 2, a tsallake ido 8, wato 4 kafin fil da 4 daga kan fil, a yi gajeren ido a na 9, a ɗan ja zaren ya kama. Ramin da ya rage shi ne ƙofar babban yatsa. Ku mayar da fil kan wannan sabon ido. In kun zagayo za ku ƙirga 26, ku yi ido ɗaya-ɗaya a sarƙoƙin nan biyu, ya cika 28, lambar da muka lissafa tun farko.

Ga babban hannu mai ido 32, a fara da layi 28 a wuya, a yi zagayen ƙari sau shida har 40, a tsallake ido 10.

Tafi da rufe kai

Nan hutu ne: ido 28 a kowane zagaye, ba ƙari ba ragi, kimanin zagaye 13. Ku riƙa sa hannu kuna dubawa. Da saƙa ta rufe kan ƙaramin yatsa, lokacin ragi ya yi. A zagayen farko a yi ido 5 sai ragi ɗaya, a maimaita sau huɗu, a sami 24. Na biyu, ido 4 sai ragi, 20. Na uku, ido 3 sai ragi, 16. Na huɗu, ido 2 sai ragi, 12. Na ƙarshe ragi zalla sau shida, saura 6. Mai ido 32 ya fara da ido 6 sai ragi, ya gangaro haka.

A yanke zare a bar jela ta santimita 20, a jawo ta ta cikin zoben. A zura ta a allura, a bi ta silin gaba na idanun nan shida, a ja su tsuke. A soka allurar ta tsakiya zuwa ciki, a juya safar, a saƙala jelar ta ƙarƙashin idanu bakwai ko takwas, a dawo baya ta wata hanya, sannan a yanke. Ƙulli kaɗai ba ya riƙewa, kwancewa yake a wanki, kuma yana sukar yatsa.

Babban yatsa

A ɗaura zare a ɗaya daga idanun da aka tsallake, a bar jela mai ɗan tsawo. A yi ido 8 a kansu, ɗaya a kusurwa, 2 a ƙasan sarƙoƙin, ɗaya a ɗaya kusurwar: 12. Wurin yana da ƙunci, zagayen farko sai an yi haƙuri. A yi kamar zagaye 8, har ya kusa rufe farce, a yi ragi sau shida, a tsuke kamar yadda aka yi a sama. Kusan kullum ɗan rami kan rage a kusurwa. Da jelar da kuka bari za ku ɗinke shi ta ciki.

Wannan safa ba ta da dama ba ta da hagu, kowane hannu za ta shiga, don haka ta biyu sak irin ta farko za a yi.

Ta biyu

A nan littafi da fensir ke biyan kuɗinsu. Duk wani zagaye da kuka ƙara ko kuka rage saboda hannu, in ba ku rubuta ba, kun manta. Akwai kuma wata matsala da rubutu ba ya magancewa: ɗan koyo yakan fara a ɗarare yana matse zare, kafin ya gama ta farko hannunsa ya saki, sai ta biyu ta fito ta fi 'yar uwarta girma alhali lissafi ɗaya ne. Dabarar da ta fi ita ce a raba zare dunƙule biyu tun farko, a saƙa su kafaɗa da kafaɗa: wuyan wannan, wuyan waccan, gindin yatsan wannan, na waccan. Da haka ma ba za a gama ɗaya ƙyuya ta hana fara ɗayar ba, abin da ya sha faruwa ga ƙwararru ma.

In wuyan hannu ko kafaɗa sun fara ciwo, a ajiye, a miƙe, a girgiza yatsu. Yawanci alama ce ta an damƙe ƙwarashi fiye da kima.

Sauye-sauye da wanki

Ba kowa rufaffiyar safa za ta yi wa ba. Mai acaɓa yana bukatar yatsunsa a kan birki, kuma zare yana da santsi a kan ƙarfe. Mai tallar safe da ɗan kasuwa suna ƙirga canji. Ɗalibi yana riƙe biro. Irin waɗannan a yi musu mai buɗaɗɗen kai: bayan ƙofar babban yatsa a yi zagaye 6 ko 7, a tsaya a tsakiyar yatsu, a gama da zagayen idon haɗi marar tsauri. Babban yatsa zagaye 3 ya isa. Ta fi saurin gamuwa, zaren ma ya ragu.

Ta jarirai ba a yi mata gidan babban yatsa, 'yar jaka ce kawai. Amma a juya cikinta a duba da kyau. Silin zare ɗaya da ya yi sako-sako zai iya naɗe yatsan jariri ya hana jini gudu, shi kuma ba bakin faɗa. Kada a sa mata maɓalli ko dutsen ado, kada kuma a haɗa biyun da doguwar igiya mai bi ta wuya.

A wanke da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, a matsa a hankali. Ulu na gaskiya in ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa, cukurkuɗewa yake ya tsuke, ba kuma ya dawowa. Ba a murɗewa, ba a ratayewa a igiya, nauyin ruwa zai ja ta ta yi tsawo. A shimfiɗa a kan tawul a inuwa. Dutsen guga kada ya taɓa akrilik.

In za a sayar

Har yanzu babu injin masana'anta da ke yin ainihin saƙar ƙwarashi, duk wadda aka gani hannu ne ya yi ta. A Ailan, lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, an koya wa mata da yara saƙar leshi da ƙwarashi, gidaje da dama suka rayu da kuɗinta. Amma mai son sayar da safar hannu a nan ya sani cewa gwanjo na gabansa, kuma ba zai iya karya farashi kamar gwanjo ba. Abin da gwanjo ba ya iyawa shi ne awo: hannun yaro ɗan shekara huɗu, hannun dattijo mai kumburin gaɓoɓi, launin da ya dace da kayan makaranta. Nan kasuwar take. Wajen sa farashi a haɗa kuɗin zare da na mota da ladan awoyin da aka yi, kada a manta da na ƙarshen. Kasuwar kuma ta 'yan watanni ce, don haka tun Satumba ake fara tara kaya, ba sai hazo ya sauka ba.

Aiki

A cikin aji, kowa ya auna hannun na kusa da shi, ya rubuta awo ukun nan, ya lissafa yawan idon tafi da nasa sakamakon gwaji, ba da na littafi ba.

Wata ɗaliba ta sami ido 15 a santimita 10, tafin da za ta saƙa wa kuma santimita 15 ne. Ido nawa za ta yi a tafi, layi nawa kuma a wuya?

Ku bayyana da bakinku abin da zai faru in an zura ƙwarashi ta ƙarƙashin sili biyu a wuyan safa maimakon silin baya.

A gida, kowa ya saƙa wuya biyu ya ɗinke su. A zo da su darasi na gaba tare da ƙyallen gwaji da littafin lissafi, zaren kuma kada a yanke.